Kafin Ka Biya Kuɗin Tsohuwar Matrix ko Vibe: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawa daga masu hawa manyan motoci sun sauko, suna neman wadda za ta kwashe iyali da kaya amma ba za ta cinye albashi a gidan mai ba. Masu Corolla kuma suna ƙorafin but ya yi musu kaɗan. A tsakanin waɗannan biyun ake cin karo da Toyota Matrix da 'yar'uwarta Pontiac Vibe, ƙananan motoci masu ƙirar wagon, kuma a kansu tambayoyi suka fi zuwa mini. Ga waɗanda aka fi maimaitawa. Amma a riƙe wannan tun daga farko: autarsu ta haura shekara goma, ta farin kuwa ta wuce ashirin. A irin waɗannan shekaru, sunan Toyota ba ya gaya maka komai sai gidan da aka haife ta. Hannun da ya raine ta shi za ka biya wa kuɗi, shi kuwa sai ka durƙusa ka leƙa kafin ka san shi.

Wai da gaske Matrix da Vibe mota ɗaya ce?

Uwa ɗaya uba ɗaya, riga ce kawai ta bambanta. Toyota da General Motors ne suka haɗa kai suka fitar da su a ƙirar 2003, a kan ginshiƙin Corolla. Matrix a garin Cambridge na lardin Ontario a Kanada aka haɗa ta, Vibe kuma a masana'antar NUMMI da ke Fremont a Kalifoniya. Inji da giya da ƙafafu duk na Toyota ne. Abin da ya raba su shi ne fitilu, bamba, ƙarafan jiki, rediyo da wasu kayan esi. Vibe ta tsaya a ƙirar 2010, lokacin da aka rufe sunan Pontiac gaba ɗaya. Matrix ta kai 2013 a Amurka, 2014 a Kanada.

Zubi biyu ne: na farko daga 2003 zuwa 2008, na biyu daga 2009. Kada ka dogara da bakin dillali wajen sanin shekara, domin sauya fitila da bamba a mayar da tsohuwa yarinya ba sabon abu ba ne a kasuwarmu. Duba lambar casis mai harafi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ta Matrix tana farawa da 2T1, ta Vibe da 5Y2. Harafi na goma shi ne shekara: 3 na nufin 2003, 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, haka har zuwa E, wato 2014.

Malam, ni 'yar kasuwa ce, ina ɗaukar atamfa da kuloli. Me za ta yi mini wanda Corolla ba za ta yi ba?

Hajiya, a nan ne ma motar ta ci sunanta. Kujerun baya suna kwanciya su yi shafe da ƙasan but, sai ki samu fili na kusan lita 1,500 a zubin farko. Ƙasan but ɗin da bayan kujerun ba kafet ba ne, roba ce mai tauri. Ko miya ce ta zube, ko manja, ko buhun gawayi ya yage, tsumma da ruwa sun wadatar. Kujerar gaba ta fasinja ma tana kifewa gaba, har a zura abu mai tsawon ƙafa takwas, kamar sandar labule ko naɗaɗɗen kafet, a rufe ƙofa.

A zubin farko gilashin baya yana buɗewa shi kaɗai ba tare da an ɗaga ƙofar but ba. Wanda ya taɓa fakin a matsatsin Kantin Kwari ya san darajar wannan. A zubi na biyu an cire shi, ban kuma ga dalili ba.

Sai dai robar tana da santsi. Kula ko galan da ba a ɗaure ba zai yi ta kai da komo a duk kwana, don haka ki shimfiɗa tabarmar roba. Sannan faɗin ciki ba ƙarfin ɗauka ba ne. Ƙafafun Corolla ne a ƙarƙashinta. Ta ɗauki kaya masu cika ido, amma buhunan siminti ko na masara shida ba aikinta ba ne.

Mutum nawa take ɗauka?

Biyar a takarda. Manya huɗu da yaro ɗaya a zahiri. Rufinta yana da tsawo, mai hula ko mai ɗaurin ɗankwali ba zai riƙa sunkuyawa ba, kuma dattijo yana shiga ya fita ba tare da gwiwa ta yi ƙara ba, domin kujerar ta ɗan fi ta Corolla tudu. In iyalinka sun kai bakwai, nemi Sienna ka huta.

Injinan kala nawa ne, wanne zan ɗauka?

Huɗu ne, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure.

A zubin farko akwai 1ZZ mai lita 1.8, injin Corolla sak, ƙarfin doki 130 a shekarun farko, daga baya aka rubuta 126. Babu bakaniken da bai san cikinsa ba. Sai 2ZZ, shi ma lita 1.8, wanda aka sa a Matrix XRS da Vibe GT daga 2003 zuwa 2006. Da hannun Yamaha aka ƙera shi, ya fito da ƙarfin doki 180. A zubi na biyu akwai 2ZR mai lita 1.8 da ƙarfin doki 132, sai 2AZ mai lita 2.4 da ƙarfin doki 158, wato injin Camry. A lura, XRS ta zubi na biyu 2.4 ce, ba ruwanta da injin Yamaha.

Dukansu sarƙa ce ke juya taimin ɗinsu, ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewar bel a tsakiyar daji.

Ra'ayina a fili yake: ɗauki 1.8 na talakawa, 1ZZ daga 2005 zuwa 2008 ko 2ZR na zubi na biyu. Injin 2ZZ abin sha'awa ne, amma ƙarfinsa ba ya fitowa sai allura ta haura 6,000, kuma a wane titin cikin gari za ka kai ta nan? Yana son fetur mai daraja ta sama, galibinsu giyar hannu ce mai hawa shida, sannan wanda ya saye shi a can Amurka ba don kai yara makaranta ya saye shi ba. Ka san irin wahalar da ya sha kafin ya iso gare ka. Injin 2.4 kuwa yana da daɗin tuƙi, amma akwai maganar shan baƙin mai da za ta zo a ƙasa.

Tana da ƙarfi a kan hanya?

Daidai gwargwado. Kai kaɗai a ciki, za ka ji ta sakayau. In ka cika ta da mutum biyar da kaya, ka kunna esi, ka doshi hawan Jos, za ka ji giya tana saukowa inji yana kuka. Ba lalacewa ba ce, iyakar ƙarfinta ke nan. Giyar otomatik ta mai 1.8 hawa huɗu ce kacal, don haka wuce tirela yana buƙatar lissafi da fili. Kuma ba ta da shiru: ƙarar taya da ta inji suna shigowa ciki fiye da na Camry. Wanda ya saba da babbar mota zai ji bambancin tun a kilomitan farko.

Yaya shan manta?

Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka a kan ƙirar 2009 sun nuna 1.8 otomatik tana yin kimanin kilomita 10 da rabi a lita ɗaya a cikin gari, 13 a babbar hanya. Mai 2.4 tana yin kusan 9 a gari, 12 a hanya. Wannan lissafin sabuwar mota ne a titi mai kyau. Da cunkoso da esi da tsufa, ka rage wani abu. Tankinta lita 50 ne. Lafiyayyar 1.8 bai kamata ta sha fiye da lita 20 daga Kano zuwa Kaduna ba. In ta zarce haka sosai, akwai abin da aka taɓa a jikinta, kuma sau da yawa abin da zan faɗa ne a ƙasa a kan zafi da indomi, wato abin tace hayaƙi na cikin salansa.

Dillali ya ce in ƙara kuɗi in ɗauki mai ja da ƙafa huɗu. Ya dace?

A'a, sai in kana da dalili mai ƙarfi. Don ƙanƙarar Kanada aka yi ta, ba don yashin ƙauye ba, tunda tsayinta daga ƙasa bai kai na jif ba. A zubin farko ƙarfinta ya ma gaza na sauran, doki 123, tankinta lita 45, ga ƙarin nauyi. A zubi na biyu sai da injin 2.4 ake samun ta, kuma ita ta fi kowacce shan mai. Tana da ƙarin ƙarafa a ƙasa waɗanda Corolla ba ta da su, ranar da suka lalace za ka zaga kasuwa. Sau da yawa ma za ka tarar an riga an kwance sandar da ke kai ƙarfi baya, ana sayar maka da suna kawai. Leƙa ƙasa ka gani.

Otomatik ko giyar hannu?

Ga mamaki, a wannan motar otomatik ta fi suna mai kyau. Giyar hannu mai hawa biyar ta 2003 da 2004 an san ta da cin boris na ciki. Alamarsa gurnani ko kuka da ke ƙaruwa da gudu. In ka ji shi, ka bar ta.

Wajen gwada otomatik, taka birki, ka sa R, ka dawo D. Ta shiga ba jinkiri ba duka. Zaro gejin man giya, ka ɗiga a farar takarda. Ja ko ja mai ɗan duhu ba laifi. Baƙi mai warin ƙuna kuwa sallama ce. Tambayi mai motar wane mai yake zubawa. Zubin farko T-IV yake sha, na biyu WS. In ya ce "duk wanda bakanike ya kawo", ka ji amsarka.

Ana cewa suna shan baƙin mai. Gaskiya ne?

Wasu, ba duka ba, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowacce tsada.

Injin 1ZZ na shekarun farko yana da ƙananan ramukan da mai ke komawa ta cikinsu a jikin fistin. In aka riƙa jinkirta juye, ko ana zuba gurɓataccen mai, sai datti ya toshe su, ringi ya manne, mai ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Toyota ta gyara ƙirar daga baya, shi ya sa na fi son 2005 zuwa sama. Injin 2AZ ma yana da irin wannan ciwo, har kamfanin ya fitar da sanarwa ga masu gyaransa a 2011, kuma Matrix ta 2009 tana cikin jerin. Ma'aunin da suka sa shi ne, in inji ya sha kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato kimanin kilomita 1,900, to sai an sauya fistin da ringi.

Matsalar ita ce ba a gane wannan da zagaye ɗaya. Mai sayarwa zai yi juye da mai mai kauri kwana ɗaya kafin ka zo, hayaƙi ya ɓuya. Ga abin da nake yi. Ina buɗe murfin mai in haska ciki da tocila: launin zuma ko ruwan shayi alama ce ta kulawa, baƙin ƙullu kamar kwalta alama ce ta sakaci. Ina zura yatsa a bakin salansa: busasshen baƙi ba komai, mai maiƙo kuwa magana ce. Ina sa bakanike ya kwance fulogi huɗun a jera su a gani. Sannan a bar inji yana aiki a tsaye minti goma, wani ya taka totur da ƙarfi ni ina tsaye a baya. Shuɗin hayaƙi ko kaɗan ne ya isa.

In a hannun mai ita za ka saya, leƙa but da ƙarƙashin kujera. Galan ɗin mai da aka sha rabi yana faɗin abin da mai gida ba zai faɗa ba.

Yoyo daban ne da sha. Jiƙewar mai a bayan inji ta gefen fambel yawanci 'yar robar abin da ke ɗaure sarƙa ce ta gaji, kuma gyara ne mai araha. Nemi ragi a kai, amma kada ya kore ka.

Me ya sa kuke nacewa a je duba mota da sassafe?

Saboda inji mai sanyi ba ya iya ƙarya. Na taɓa zuwa ganin wata Matrix da hantsi, na tarar an wanke ta tas, tana ta ƙyalli. Na ɗora hannu a bonet na ji ɗumi. Mai ita ya ce ai yanzu ya dawo daga kai yara. Na ce to, gobe bayan asuba zan dawo, kada a tayar. Da na dawo muka murza makulli, sai ga kwaramniya kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani, ga hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida. Ko tayi ban yi ba.

Ɗan ƙara na daƙiƙa ɗaya ko biyu a tashin farko yana faruwa a tsofaffin injina. Wanda ya daɗe, ko bugu mai nauyi daga ƙasa, shi ne abin gudu. Kuma ka zo da bakanikenka, ka biya shi kuɗin yininsa. Bakaniken da dillali ya kawo yana da rabo a la'ada.

Bakanike ya ce an cire abin da ke tsare ruwa an haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin ƙasarmu. Daidai ne?

Wannan al'ada ta kashe injina da yawa. Abin nan da ake kira tamostat yana buɗewa ne a kusan digiri 82, domin inji ya yi aiki a zafin da aka ƙera shi. In aka cire, inji ba ya kai wannan zafi da wuri, ƙwaƙwalwar mota sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. Ga shan mai, ga cin ringi. A jihar Arizona ta Amurka ana zafin da ya kai na Sakkwato, kuma ba sa cirewa.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin cirewar. Sau da yawa motar ta taɓa ɗaukar zafi ne, maimakon a nemo ciwon sai aka rufe shi. Don haka in ka murza makulli ka ji fanka ta tashi nan take alhali esi a kashe, ka tsananta bincike. Buɗe lagireto tun inji yana da sanyi. Ruwa ja ko ruwan hoda shi ake so. Ruwan rijiya mai tsatsa yana nuna yadda aka riƙe ta. Kumfa da ke ta tasowa bayan an tayar, ko maiƙo a saman ruwan, alamar gaskit ne. A injin 2ZR kuma duba gefen famfon ruwa, yana yawan fara yoyo, za ka ga busasshen ruwan hoda a wurin.

Mita ta nuna 299,999. Me ke nan?

Ba tsafi ba ne. Mitar Corolla, Matrix da Vibe na 2003 zuwa 2008 tana tsayawa cak a wannan lamba, ba ta ƙara gaba. Motar na iya yin wasu dubbai masu yawa a bayan haka ba wanda ya sani.

Ka kuma san da wane ma'auni take lissafi. Ta Amurka mil ce, ta Kanada kilomita, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mota mai mil 150,000 ta yi kilomita 240,000. Mayar da mita baya kuwa aikin minti kaɗan ne. Motar shekara ashirin da ke nuna 70,000 alhali robar birki ta cinye har ƙarfe, sitiyari ya yi sulɓi, kujerar direba ta lotsa, kai ma ka san zancen. Ni na fi yarda da mai 200,000 da aka kula da ita a kan mai 90,000 ta bakin dillali.

Ta yaya zan gane ta yi hatsari ko ta sha ruwa?

Da yawa daga motocin da ake kawowa daga Amurka a wuraren gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, wato akwai abin da ya same su. Wannan kaɗai ba aibi ba ne. Bamba da fitila ba komai. Abin tsoro shi ne ƙashin mota. Sa lambar casis a Google, sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna fitowa. Rahoton Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci a Amurka, shi ma yana taimakawa.

Da ido kuma, duba ratar da ke tsakanin bonet da gefuna, ta zama daidai hagu da dama. Duba kusoshin da ke riƙe da su ko sifana ta taɓa cin kansu. Ɗaga tayar safaya ka ga ko ƙasan ya yamutse. Ɗan maganaɗisu ba ya kama inda fanel-bita ya cika da ƙullu. A kan titi mai kyau, sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana janyewa gefe.

Ta ambaliya ta fi ta hatsari sharri, domin ciwonta a waya yake, kuma a hankali yake fitowa. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka nemi tabon ruwa. Ɗaga kafet, shinshina, duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera. Turaren da ya yi yawa a mota ma abin tambaya ne.

Sai tsatsa. A Kanada da arewacin Amurka gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma yana cin ƙasan mota. A kai ta rami, a ƙwanƙwasa da sukundireba. Sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota ba ado ba ne.

Fitilar cek-injin ba ta kunne. Shi ke nan lafiya?

Tukuna. Murza makulli ba tare da ka tayar ba. Dole fitilar inji, ta jakar iska da ta mai su kama. Bayan an tayar, kowacce ta mutu a lokacinta. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. In kuma duk suka mutu a tare kamar an hura fitila, mai wayarin ya haɗa su wuri ɗaya.

A sa kwamfuta. Ko ba a ga laifi ba, na'urar tana nuna in ba a daɗe da goge laifuffukan ba. Lambar P0171 a injin 1ZZ sau da yawa gaskit ne na bututun shigar iska, gyara mai sauƙi. P0420 kuwa maganar indomi ce, wato abin tace hayaƙi da ke cikin salansa. Ana fasa shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, a mayar da fanko. Alamarsa sabuwar walda a jikin salansa, warin hayaƙi mai yaji, da ƙara kamar ta gwangwani. Mayar da na asali ba ƙaramin kuɗi ba ne, sai a cire shi daga farashi.

Akwai laifin da kamfani da kansa ya amsa?

Akwai uku da ya kamata ka sani. A watan Agustan 2010 Toyota ta yi kiranyen Corolla da Matrix sama da miliyan ɗaya, ƙirar 2005 zuwa 2008, wato ta nemi a mayar mata da su ta gyara, saboda ƙwaƙwalwar inji da kan tsage a ciki, mota ta mutu tana tafiya ko ta ƙi tashi. Vibe ma abin ya shafe ta. A farkon shekarar kuma an yi kiranyen ƙirar 2009 da 2010 kan totur da ke iya maƙalewa. Na uku shi ne jakar iska ta kamfanin Takata a ɓangaren fasinja, wadda zafi da laima ke lalata sinadarinta, in ta fashe ta watso ƙarfe. A yanayi irin namu wannan ba abin wasa ba ne. Shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, yana nuna maka kyauta, da lambar casis, ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba.

Tokumbo ko wadda aka hau a gida?

Da, amsar a bayyane take. Yanzu kuwa tazarar kuɗin ta yi yawa, kuma ana wanke ta gida a cire lamba a kira ta tokumbo. Motar ma'aikaci ɗaya da ka san gidansa, ka san bakanikensa, ta fi tokumbon da ba ka san asalinta ba. Wadda za ka guje wa ita ce wadda ta yi haya. Za ka gane ta da sakin ƙofofin baya, ƙarin ƙarfe a sifirin, da shokozoban da suka mutu.

Takardu fa?

Kada ka biya ko kafin alƙalami sai ka ga takardar kwastam ta asali, lambar casis ɗinta ta yi daidai da ta jikin mota harafi da harafi, kuma ka je ofishin kwastam an tabbatar. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma a shekarun da suka biyo baya da yawa sun shigo ta ɓarauniyar hanya da takardun bogi. Irin wannan motar tana iya yin shekaru lafiya a cikin gari, ranar da ka hau babbar hanya a karɓe ta. In ta gida ce, a rubuta yarjejeniya da shaidu, ka karɓi kwafin katin shaidar mai sayarwa, ka sauya suna ba tare da jinkiri ba.

Kayan gyara suna samuwa?

Na inji da giya da birki, ko'ina: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, Ladipo a Legas. Ka ce na Corolla ta wannan shekarar. Kayan jiki ne ke da wuya, musamman na Vibe. Fitilar baya ko gilashin but in ya fashe, sai ka jira a kwance wata. Saboda haka Vibe mai lafiyayyen jiki da araha ciniki ne mai kyau, mai fasasshiyar fitila kuwa ka nemo farashin fitilar kafin ka yi tayi.

Na ga soket irin na gida a gaban motar. Zan iya amfani da shi?

Wutar Amurka ce, bolt 115, kuma ƙarfinta kaɗan ne. Cajar waya ko ta kwamfuta da aka rubuta wa 100 zuwa 240 za ta yi aiki. Dutsen guga ko hita, a'a.

In na saya, nawa zan ware na gyaran farko?

Farashi yana sauyawa kowane wata, don haka ba zan kama lamba ba, amma kada ka zuba duk abin da ke hannunka a kuɗin saye. Ka fito da jerin nan ka kai wa mai kayan gyara ya yi maka lissafi tun kafin ciniki ya faɗa: juye da mai irin wanda aka rubuta a murfi, 5W-30 ga 1ZZ, 5W-20 ko 0W-20 ga 2ZR, tare da matatar mai da ta iska, man giya na asali, wanke lagireto, mayar da tamostat da zuba ruwan da ya dace, fulogi huɗu, fambel, birki gaba da baya. Sai taya. Yawancinsu 205/55R16 suke sawa, kuma a gefen kowace akwai lamba huɗu da ke nuna ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta tsufa, ko zanenta bai cinye ba, zafin kwaltar watan Afrilu zai fasa ta.

Bayan juyen farko, ka riƙa zaro geji duk sati har ka yi kilomita 2,000, da safe, a wuri mai shafe, kana rubuta inda mai ya tsaya. A nan za ka san ainihin injin da ka saya, kuma da wannan lissafin za ka yanke ko za ta iya doguwar tafiya ba tare da galan a but ba.